Geron da Ba a Tambayi Mai Shi Ba

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Bashiru,

Amincin Allah da rahamarsa su tabbata gare ka. Ina gaishe ka gaisuwar uwa, ina roƙon Allah Ya kai ka Shagari lafiya, Ya tsare ka a hanya, Ya tsare duk wanda zai tsaya kusa da injin da aka damƙa maka. Za ka tarar da wannan takarda a ƙasan jakarka, ƙarƙashin sallaya. Kada ka yi dariya don na rubuta maka wasiƙa alhali tsakanin ɗakina da naka taku goma ne. Ka san halina, abin da bakina ya kasa faɗi alƙalami nake bai wa. Ba ni na haife ka ba, amma kana ɗan shekara tara aka kawo ni gidan nan bayan rasuwar mahaifiyarka, Allah Ya jiƙan ta. Tun ranar da ka bar ce mini Anti ka koma Inna, na san wata rana zan zauna in rubuta maka irin wannan.

Ranar Talata ce, a kakar bara, bayan azahar. Kai kana Sakkwato wajen karatu, shi ya sa abin da ka sani guntu-guntu ne. Ina kishingiɗe a tabarma gindin darbejiyar tsakar gida, ina karanta wani littafi, saura shafi uku in ji ko za a gane gaskiyar yarinyar da aka yi wa ƙazafi. Sai wayar babanka ta yi ƙara, ya bar ta tana caji ya tafi masallaci. Na ɗauka. Mani ne, mai aiki da injin sussukarmu. Yana haki ya ce, "Hajiya, wuta ta kama. Muna masussukin Malam Ummaru, can bayan Shagari."

Ka san abin da ya fara fita daga bakina? "Injin fa?"

Ya ce, "Inji lahiya lau, mun janye shi. Gero dai ya tahi."

Na ce alhamdulillahi. Na ajiye waya na ƙarasa shafi ukun nan kafin babanka ya dawo. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba. Ban tambayi ko wani ya ƙone ba, ban tambayi geron wane ne ba, ban tambayi me gidan za su ci ba. Allah Ya sa babu wanda ya ji rauni, amma ba tambayata ce ta gano hakan ba. To, Bashiru, in Allah Ya ƙaddara wani abu ya faru a hannunka, ka fara tambayar mutane, sannan kayansu, inji ya zo a ƙarshe. Mutane suna manta yawancin abin da ka faɗa a ranar masifa, amma ba sa manta tambayarka ta farko. Mani yana tsaye cikin jama'a lokacin da ya ce "inji lahiya lau". Duk wanda ke wurin ya gane abin da aka tambaye shi.

Akwai kuma kuskuren da ya riga wannan. Mako biyu kafin gobarar, babanka yana cin tuwo ya ce mini salansar injin ta tsage, tana fesa tartsatsi, gara a kai ta Sakkwato a yi mata walda, kwana biyu ne. Ka san ina da rabo a injin nan, saniyar da na gada wajen mahaifina ce na sayar aka cika kuɗinsa, shi ya sa babanka ba ya yanke komai a kansa sai ya ji ta bakina. Ni kuwa ko kaina ban ɗaga daga littafi ba na ce kaka ba ta jiran kowa, a bari a gama wannan makon. Makon ya zama biyu. Idan ka ji ana cewa ƙaddara ce, haka ne, ƙaddara ce, amma da bakina na buɗe mata ƙofa. Don haka duk ranar da ka ji injin ya canza murya, kashe shi, ko da mutum goma na jiranka da dammunansu. Kada ka tayar da shi sai da gangar ruwa cike a gefe. Ka dubi inda iska take kaɗawa kafin ka kafa shi, ka sa a share ƙaiƙayi daga ƙarƙashinsa, domin ƙaiƙayin gero da fetur 'yan'uwan juna ne.

Kuskure na uku shi ne wanda na daɗe ina ɗauka dabara ce. Washegarin gobarar babanka ya shirya zai tafi jaje shi kaɗai. Ni na hana shi. Na ce ai ba a zuwa irin wannan wuri hannu rabbana, a ɗauki dattawa. Aka tafi da kawuna, da dattawa biyu na unguwarmu, a can kuma aka biya aka ɗauki limamin garinsu. Na ba da goro da turare aka tafi da su. A raina ina ganin abin kamar babin da na saba karantawa: manya sun cika zaure, an yi addu'a, mai haƙƙi ya share hawaye ya ce ya yafe, kowa ya tashi zuciya fari.

Haka kuwa aka yi. Kawu ya ba ni labari. Liman ya yi nasiha a kan haƙuri, aka shafa fatiha, Malam Ummaru ya sunkuyar da kai ya ce, "Abin da Allah Ya yi ya yi. Na yahe duniya da lahira." Har babanka ya fara cewa a duba abin da za a yi, dattawa suka ce ai magana ta ƙare, kada a ɓata wa bawan Allah ladarsa. Da suka dawo na dafa shinkafa da kaji don murna.

Sai daga baya na tsaya na yi tunani. A littafi in an ce an yafe, sai a juya shafi. A gidan Malam Ummaru kuwa bayan an ce an yafe sai an ɗora tukunya da yamma. Kuma ka gaya mini, wane Bahaushe ne liman zai zauna a zaurensa, ga furfura uku sun zo tun daga nan Bodinga, sannan ya buɗe baki ya ce a biya shi? Ba roƙonsa muka je yi ba, ƙofa muka je muka rufe masa, da goro da turare. Ka kiyaye wannan. In ka ɓata wa mutum kaya, ka fara zuwa kai kaɗai, ka zauna ƙasa, ka ce masa laifinku ne, ka tambaye shi abin da ya rasa. Dattawa su zo daga baya su sa albarka a kan abin da aka gyara. Yafiyar da kunya ta tatso ba ta sauke maka komai.

Ba a daɗe ba muka fara gani. Aka gama gero aka shiga dawa, amma wayar babanka ba ta ƙara kawo kira daga wancan yankin ba. Ƙauyukan da muke yi wa sussuka shekara huɗu suka kira wani injin daga nesa, wanda ma ya fi namu tsada. Ba wanda ya zage mu. Da an zage mu da mun gane da wuri. In sun haɗu da babanka a kasuwa su gaishe shi har da rusunawa, su tambayi iyali, su wuce.

Ina so ka ji ta bakin babanka ma, don kada ka ɗauka mai tauri ne. Da na tayar da maganar a biya, ya ce, "Mutum ya yafe gaban liman, in koma in ce masa me? Kuma in na buɗe wannan ƙofa, gobe akuya ta yi tuntuɓe kusa da inji sai a ce in kawo akuya. Inji biyu da mota ɗaya ne kamfanin, ba rijiya ba ce." Akwai gaskiya a maganarsa. Za ka haɗu da wanda buhunsa ya zo da huda tun daga gida ya ce kai ka yaga shi. Maganin wannan ba ƙin biya ba ne, maganinsa ka je ka gani da idonka, ka tambayi waɗanda ke wurin. Inda ba laifinku ba ne ka faɗa da ladabi, ka tsaya a kai. Inda naku ne kada ka jira a roƙe ka. Mu kuwa namu ba ya buƙatar bincike, mun san salansarmu.

Na yi ta lallashinsa har ya yarda, kuma a nan na yi kuskuren da ya fi kowanne ba ni kunya. Na ce tunda sunan kamfani ne ya ɓaci, to a wanke shi a inda kowa zai gani. Na sa aka rubuta sunan da koren fenti a jikin buhunan geron da za a biya shi. Na ce a kai ranar kasuwar Shagari, a nemo Malam Ummaru a miƙa masa gaban jama'a, Mani ya ɗauki hoto a waya a yaɗa. Kwana uku ina tsara abin a kaina, har da kalmomin da mutane za su faɗa, har da tsohuwar da za ta ɗaga hannu ta yi mana addu'a.

Babanka da Mani suka same shi a wajen masu awaki, yana riƙe da igiyar akuya zai sayar. Aka sauke buhuna a gabansa, mutane suka taru. Ya dubi fentin, ya dubi wayar da ke hannun Mani, ya ce, "Alhaji, na yahe gaban liman da dattawa. In na amshi wanga yau, ko dai na zama maƙaryaci, ko na zama abin kallo. Wanne kaka so in zama?" Ya ja akuyarsa ya matsa gaba. Buhunan suka dawo Bodinga yadda suka tafi. Babanka bai ce mini ke kika ja ba, amma kwana biyu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, kuma na fi son da ya yi faɗa.

Ga abin da na koya, ka riƙe shi da kyau. Mutane suna tambaya ko ya kamata kamfani ya biya wanda ya yi wa ɓarna don ya tsare sunansa. Ni na gwada biya don suna, na ga ƙarshensa. Mutumin da aka cuta yana gane ko shi ake kallo ko jama'ar da ke bayansa. Ka biya don haƙƙinsa ne, don Allah zai tambaye ka. Suna yana biyowa daga baya da ƙafarsa, kamar ɗan akuya bayan uwarsa. In ka juya kana kiran sa, gudu yake yi.

Da na tsaya a nan da wasiƙar nan ta baƙin ciki ce. Amma cikin damina aka yi suna a gidan 'yar kawuna a Shagari, na je. Da aka watse na roƙi wata 'yar'uwa ta raka ni ƙauyen su Malam Ummaru a keke-napep. Ban san abin da zan ce ba. A karon farko a rayuwata na tafi wani wuri ban tsara maganata a hanya ba.

Na yi sallama na shiga cikin gida. Na tarar da matarsa, Inna Hajo, dattijuwa doguwa, tana tsinke ganyen tafasa a faifai. A gefen katanga ga turke uku, babu akuya ko ɗaya. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi ko ni wace ce. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Au, ke ce mai littafi? An ce ko gida na cin wuta sai kin kai ƙarshen shafi."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Inna, ba a yi mini ƙarya ba."

Ta yi dariya, ta tura mini tabarma da ƙafa. "To zamna. Mai amsa laifinta ba ta tsayawa a rana."

Ta ba ni ruwa. Na ce na zo neman gafara ne, duk da na san Malam ya riga ya yafe. Sai ta ajiye faifai.

"Shi yay yahe, ɗiyata. Ni wa yat tambaye ni?"

Ban gane ba. Ta ce, "Tsibi biyu anka tara ran nan. Babba na gandu, na Malam da gida. Ƙaramin da ke gabas nawa na, na gayaunata. Ni na biya 'yan ƙwadago da kuɗin ƙuli-ƙulina, ni na bi shi tun shuka har girbi. Ki tambayi Maninku, ni na aika mishi kada ya haɗa min da na gandu. Wuta kuwa ba ta san nawa da nashi ba. Da maza sunka cika zaure ina nan bayan katanga ina ji. Anka yahe gero, anka shafa fatiha, anka ci goro. Ko ɓarin goron bai shigo ciki ba."

Bashiru, shekara goma sha ɗaya ina karanta labaran matan da ba a tambayi ra'ayinsu ba, ina kuka a kan takarda. Ga ta a gabana da faifan tafasa, kuma ni ce na aika dattawan.

Na tambaye ta yadda suka ci shekara. Ta nuna mini turakan da haɓa. Sannan ta ce, "Kuna mamakin mi ya hana a kira injinku? Maza ka yin waya, amma mu ka hwaɗin wanda za a kira. A bakin rijiya aka yanke wagga magana, ba a kasuwa ba. Kuma ni ban ce kowa ya bar ku ba. Tambayata anka yi, an biya ki? Nac ce a'a."

Na ce, "Inna, in an kawo miki za ki karɓa?"

Ta ce, "In sadaka ta, akwai waɗanda sunka hi ni buƙata. In haƙƙina na, mi zai hana? Ni ban rantse gaban liman ba." Ta sake ɗaukar faifanta tana murmushi. "Kuma tukunya guda muka ɗorawa gidan ga. Malam bai tambayar tuwo daga wane tsibi ya hito."

Da na dawo na tambayi malamarmu ta Islamiyya, ba tare da na ambaci suna ba. Ta ce dukiyar mace tata ce, miji ba ya yafe ta sai da yardarta. Ashe ƙofar da muka rufe ta zaure ce kawai, ta cikin gida tana buɗe tun ranar farko, ba wanda ya leƙa. Saboda haka duk gonar da ka shiga, ka tambayi tsibi nawa ne, kuma na wa da wa. Wanda ya yi maka waya ba lallai shi kaɗai ne mai kaya ba. Akwai na mata, akwai na tsoffi, akwai na marayun da ake riƙo. Masu zama bayan katanga su ma abokan cinikinka ne, ko da ba za ka taɓa ganin fuskarsu ba.

Ka san gonata ta Dingyadi ta yi kyau bana, kai ma ka ga zangarnun. Ka kuma san abin da na yi niyya da ita, domin kai kaɗai na nuna wa littattafan rubutun nan guda huɗu da ke cikin akwatina. Na so in sayar da geron in kai labarina Sakkwato a buga, in ga sunana a bango ko sau ɗaya. Har launin bangon na zaɓa. Shekaranjiya na zauna da babanka na kwashe abin da Inna Hajo ta faɗa na gaya masa, har da maganar littafina, na ce geron nan ba kasuwa za shi ba. Ya daɗe yana juya hularsa a hannu. Ya ce, "Tsibi biyu. Mani ya faɗa mini a ranar, ban sa shi a kai ba." Can ya ce, "Littafin naki fa?" Na ce takarda ba ta jin yunwa. Ya ce, "Gero naki ne. Ban sa ki ba, ban hana ki ba." Ya sa hularsa ya fita. Amma yau da hantsi na ji shi a ƙofar gida yana ce wa Mani kada a cika bayan mota, a bar wuri. Kuma da kansa ya je Sakkwato ya sayo sabuwar salansa, ya ƙi yarda a yi wa tsohuwar walda. Ka san babanka, haka yake cewa ya ji.

In ka isa, kada ka zaɓi ranar kasuwa, kuma wayarka ta zauna a aljihu. Ka yi sallama a zaure, ka durƙusa ka gaida Malam Ummaru, ka ce masa saƙon innarka ne zuwa ga Inna Hajo, magana ce tsakanin mata. Kada ka kira shi kyauta, kada ka kira shi taimako. In an tambaye ka ka ce haƙƙinta ne na bara. Shi kuwa Malam kada ka tayar masa da maganar da ya rufe. Ka dai ce masa in ya yarda, da gonarsa kake so ka fara aikin bana, kuma ba za ka auni ladan inji ba. In ya ce sai ya biya, kada ka ja da shi, ka karɓa, mutuncinsa ne. In ya ce ya riga ya kira wani injin, ka yi masa fatan alheri ka tashi da fara'a. Wataƙila bana su kira ka, wataƙila sai baɗi. Ni dai zuciyata tana gaya mini macen da ta tura mini tabarma da ƙafa ba za ta ɓoye amsa ba in an sake tambayar ta a bakin rijiya.

Ka riƙe salla a kan lokaci ko inji na gudu. Ka rufe hancinka da ƙyalle, ka san ƙirjinka. Ka girmama Mani, ya girme ka kuma ya fi ka sanin ƙarfen nan, ko da yake bakinsa ba ya riƙe sirrin gida. Ƙanwarka Hafsatu tana gaishe ka, ta ce ka sayo mata 'yar tinkiya, na ce mata sai ka fara samun ta kanka. Allah Ya tsare ka daga wuta da ƙarfe da bakin mutane. Allah Ya sa ka shiga gonakin jama'a da alheri ka fito da alheri, Ya hana ka cin haƙƙin kowa, na zaure da na bayan katanga. Allah Ya jiƙan mahaifiyarka, Ya dawo mana da kai lafiya. Amin.

Ni ce innarka,
Asma'u

Buhunan da za ka gani a bayan mota, waɗanda babu rubutu a jikinsu, geron Dingyadi ne gaba ɗayansa. Ba zan sayar ba. Na Inna Hajo ne.